Fakiti ɗaya, sabobi 14: yadda muka daina sauke abu guda sau da yawa

Ƙorafin bai taso daga ɗakin sabobi ba, daga wajen ma'aikata ya taso. Wata rana da hantsi, wata rana da la'asar, sai intanet ɗin ofis ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Taron bidiyo ya tsaya cak, fayil ya ƙi tafiya, bayan ɗan lokaci kuma komai ya dawo daidai kamar ba a yi ba. Abin ba shi da ƙayyadadden lokaci, shi ya sa ya daɗe yana wahalar da mu. Mun zargi masu ba mu layi, mun zargi masu kallon bidiyo a bakin aiki. Sai ranar da muka zauna muka bi diddigin zirga-zirgar da ke ratsa katangar tsaro muka ga ashe na gida ne ke mana aika-aikar: sabobinmu ne da kansu, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran ofis hidima.

Guda 14 ne, wasu injuna na zahiri, wasu kuma na cikin inji, wato injuna na manhaja da ke zaune a cikin wani inji na zahiri. Tara suna kan Ubuntu 22.04, uku kan Debian 12, biyu kan Rocky Linux, duka nau'o'in babbar manhajar Linux ne. Dukansu da ma'aikatan ofis layi ɗaya suke bi zuwa waje, kuma layin ba mai faɗi ba ne.

Dalilin rashin lokacin ma a fili yake ga wanda ya san inda zai duba. A Ubuntu da Debian akwai agogon systemd (manhajar da ke tayar da ayyukan inji) mai suna apt-daily.timer, mai sa inji ya nemi sabuntawar manhaja, wanda aka saita ya tashi ƙarfe 6 na safe da 6 na yamma, amma da ƙarin jinkirin da ake zaɓa haka kawai, har zuwa sa'a 12. An yi haka da gangan don kada injunan duniya su afka wa rumbunan manhaja a daƙiƙa ɗaya. Ga masu rumbu hikima ce. Ga mu kuwa, ma'anarsa ita ce kowace sabar tana iya fara saukar da kaya a kowane lokaci na yini. Ranar da aka fitar da sabon kanel, wato zuciyar Linux, tare da fakitin (ƙunshin manhaja) linux-firmware, wanda shi kaɗai ɗaruruwan megabait ne, sai sabobi tara su sauke abu ɗaya tak, sau tara, kowacce a lokacin da ta ga dama. A ce sabuntawar megabait 300 ce: gigabait 2.7 ke nan ta ratsa layin, alhali 300 ɗin farko ne kawai ke ɗauke da sabon abu.

Shugaban sashenmu ya taƙaita bukatar da jimla ɗaya: "A sauke sau ɗaya, kowa ya ɗiba." Da jin haka ka ce aikin rabin yini ne. Hanya uku muka bi kafin mu tsaya, kuma ko bayan mun tsaya tsugune ba ta ƙare ba.

Kwafa da hannu

Duk fakitin da apt, manhajar da ke saukewa da girka fakitoci a Ubuntu da Debian, ya sauke yana sauka ne a /var/cache/apt/archives. Idan ya zo girka wani abu ya tarar da fayil mai suna da girman da yake nema a wannan folda, ba ya sake fita waje. Saboda haka dabarar farko da ta zo mana ita ce wadda ke zuwa wa kowa: a sabunta sabar ɗaya, a kwashe foldar zuwa sauran da rsync, manhajar kwafar fayiloli tsakanin injuna.

Ranar farko muka buɗe foldar muka tarar da ita wayam. Tun daga sigar 1.2, umarnin apt yana share fayilolin .deb, wato fakitocin, da zarar ya gama girka su, saɓanin tsohon apt-get da ke barin su. Gyaran layi ɗaya ne, a mayar da Binary::apt::APT::Keep-Downloaded-Packages zuwa "true". Muka gyara, muka kwafa, ya yi aiki. Mako na biyu ma ya yi, amma rabi da rabi. Sabar da muka kwafa daga gare ta ta karɓi jerin kayanta, wato jerin fakitocin da ke rumbu da sigoginsu, ranar Litinin, sauran kuma sai Laraba muka kai gare su, kuma a tsakani an fitar da sabuwar sigar wasu fakitoci. Kowace sabar da jerinta take aiki, wanda ke /var/lib/apt/lists. Idan jerin ya ce siga kaza, to fayil ɗin siga ta baya da ka kawo mata shara ne a wurinta, waje za ta fita ta ɗauko nata.

Abin da ya kashe dabarar gaba ɗaya kuwa kuskure ne na wani matashin abokin aikinmu, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don mu muka shimfiɗa masa tabarmar. Ya ga apt yana ta fita waje duk da an kawo masa kaya har gida, sai ya ce bari ya taƙaita: ya shiga foldar ya buga dpkg -i *.deb, umarnin da ke girka duk fakitin da ke cikinta kai tsaye. Foldar kuwa daga sabar rumbun bayanai aka kwafo ta. Nan take sabar shafin yanar gizo ta wayi gari da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, a cikinta, kuma da yake a dangin Debian manhajar da ke aiki a bayan fage tana tashi da kanta da zarar an girka ta, har ya fara aiki yana jiran baƙi. Wasu fakitocin kuma suka tsaya rabi, ba a gama saita su ba saboda abubuwan da suka dogara da su babu.

Da na tambaye shi ya ce, "Yallaɓai, ai duk fakitocin namu ne, daga sabarmu suka fito."

Na ce masa gaskiya ne, amma wa ya tabbatar? Wannan ita ce tambayar da ba mu yi wa kanmu ba tun farko. Shi dpkg ba ruwansa da sa hannun rumbu. Abin da ka miƙa masa shi zai girka, da cikakken ikon root, asusun da ke da iko a kan komai na inji. Duk tantancewar da ake taƙama da ita a wajen apt take, a lokacin da yake saukowa. Da muka fara ɗaukar fayiloli a hannu daga wannan inji zuwa wancan, mun fita daga inuwar wannan tantancewa ba mu sani ba. Da ace an taɓa kutsawa cikin sabar farko, da mu da kanmu za mu raba gubar ga sauran.

Folda ɗaya ga kowa

Dabara ta biyu ta fi kama da ta masu ilimi, kuma ta fi saurin mutuwa. Muka ware folda a kan NFS, tsarin da ke ba injuna da yawa damar amfani da folda ɗaya, muka ɗaura ta a matsayin /var/cache/apt/archives na duk sabobi 12 masu apt. Wanda ya fara saukewa ya ajiye wa na baya.

An gina wannan folda ne a kan cewa mai ita ɗaya ne. A cikinta akwai fayil mai suna lock, wanda apt ke riƙewa yayin da yake aiki, don haka sabar biyu suka daina iya saukar da kaya a lokaci guda, ta biyun sai ta ce ta kasa samun makulli ta haƙura. Akwai ƙaramar folda partial, mallakar wani asusu mai suna _apt, kuma lambar wannan asusu ba lallai ta zo ɗaya a kowane inji ba, ga kuma NFS da ke rage wa root ɗin baƙo iko. Duk wannan ana iya lallaɓa shi. Wanda ba ya lallaɓuwa shi ne shara. Idan sabar ɗaya ta yi apt-get clean, ta share wa kowa. Shi kuma autoclean yana goge duk fakitin da, a ganin injin da ke sharar, ba a iya samunsa a rumbu kuma. To a ganin injin Debian, kayan Ubuntu ai ba su da asali. Haka suka riƙa share wa juna kaya kowa yana ganin tsafta yake yi.

Akwai wani tarko ma da muka hango kafin mu faɗa. Ubuntu tana ɗauko fakitoci da yawa daga Debian ba tare da ta canja lambar sigarsu ba, ta sake gina su da kanta. Ke nan ana iya samun fayil biyu masu suna ɗaya harafi da harafi, cikinsu kuwa daban. Folda ɗaya ba ta da wurin ajiye duka biyun. Kwana huɗu muka yi muka kwance ta.

Ɗan aike a tsakiya

Kafin hanya ta uku sai da muka koma muka karanta yadda apt ke yarda da abin da ya sauke, abin da ya kamata mu fara da shi. Sarƙa ce mai gaɓa uku. A saman akwai fayil ɗin InRelease, wanda masu rumbu suka sa wa hannu da makullinsu na sirri, kuma kowane inji yana riƙe da makullin fili da zai gane sa hannun. A cikin InRelease akwai lambar tantancewa ta SHA256 ta kowane fayil ɗin Packages. A cikin Packages kuma akwai irin wannan lamba ta kowane fakiti. Idan aka canja ko da harafi ɗaya a cikin fakiti a hanya, lambarsa ba za ta dace ba, apt zai ƙi shi.

Da ka fahimci wannan, abubuwa biyu suke fitowa. Na farko, amincin fakiti ba ya rataye a kan hanyar da ya biyo. Ko ta hannun wa ya zo, muddin injin da zai girka shi ne ya duba sa hannun ya kuma gwada lambar, lafiya lau. Shi ya sa har yau manyan rumbunan Debian da Ubuntu ke aiki a kan HTTP tsura ba tare da an ce an yi sakaci ba. Na biyu, kayan rumbu iri biyu ne masu hali daban. Fakiti, da zarar an fitar da shi da suna da siga, ba ya sake canjawa, ana iya ajiye shi shekara a raba wa inji dubu. Jerin kaya kuwa ɗanye ne, yana iya canjawa sau da yawa a yini, kuma shi ke ɗauke da amanar. Kuskurenmu a hanyoyi biyun farko shi ne mun yi ta jigilar fakitoci mun manta da jerin.

Abin da ke girmama wannan bambanci shi ne furoksi mai ajiya, wato ɗan aike da ke zaune tsakanin sabobi da rumbu. Muka zaɓi apt-cacher-ng, wanda Eduard Bloch ya rubuta, kuma yana cikin rumbunan Debian da Ubuntu. Yana sauraro a ƙofa ta 3142, yana ajiye kaya a /var/cache/apt-cacher-ng. A kowace sabar layi ɗaya muka ƙara a wani fayil cikin /etc/apt/apt.conf.d, mai cewa Acquire::http::Proxy ya nufi adireshin ɗan aiken. Ba mu taɓa jerin rumbunan kowa ba. Sabar ta nemi fakiti, ɗan aike ya duba ma'ajiyarsa: idan akwai ya miƙa, idan babu ya fita ya ɗauko, yana miƙawa yana ajiye kwafi. Jerin kaya kuwa yakan koma ya tambayi rumbu ko an sabunta shi. Tantancewa tana nan inda take, a hannun kowace sabar.

Mun duba madubi cikakke, wato kwafin rumbu gaba ɗaya, irin wanda ake yi da apt-mirror ko debmirror, muka ajiye shi gefe cikin minti biyar. Ɗaruruwan gigabait ne, kusan dukansu manhajojin da ba za mu taɓa girkawa ba. Mai kukan layi ya yi masa kaɗan ba shi ne zai jawo rumbu sukutum ba.

Wahalar da muka sha a baya ma ba ta tafi a banza ba. Ɗan aiken yana da folda mai suna _import. Muka zuba tsofaffin fayilolin .deb da muka tara a ciki, muka buɗe shafinsa na acng-report.html muka ce ya shigo da su. Yana gwada kowanne da jerin da ya sani, wanda ya dace ya karɓa, wanda bai dace ba ya bar shi a nan. Wani abin da ya burge ni kuma: sabobinmu ba madubi ɗaya suke nufa ba, kowacce da wanda aka zaɓa mata ranar da aka girka ta. Furoksi na gama-gari zai ɗauki fayil ɗaya daga adireshi biyu a matsayin abu biyu. Shi wannan yana da jerin sanannun madubai, yana tattara su ƙarƙashin suna guda, don haka fakiti ɗaya kwafi ɗaya.

A ranar kanel ta gaba muka zuba ido. Sabar farko ta ɗauki lokacinta kamar kullum. Sauran takwas suka gama saukewa kafin ka ce kwabo, da gudun wayar cikin gida. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Inda aka ɗan sha fama shi ne rumbunan da ke kan HTTPS kaɗai, irin na Docker. Dalilin HTTPS shi ne kada na tsakiya ya ga abin da ke wucewa, ɗan aike kuwa ba ya ajiye abin da bai gani ba. Kuma da yake apt yana amfani da saitin furoksin HTTP ga HTTPS idan ba a ba shi wani daban ba, sai waɗannan rumbuna suka fara dawo da kuskuren 403, ɗan aike ya ƙi buɗe musu hanya. Mafita biyu ce. Ko a sa PassThroughPattern a acng.conf, ya bar su su wuce a rufe ba tare da ajiya ba. Ko a sake rubuta adireshin a sabar ya fara da http://HTTPS///, ta yadda sabar za ta yi magana da ɗan aike a buɗe, shi kuma ya yi magana da rumbu a rufe, ya ajiye. Ta biyun tana da tsada ɓoyayya: adireshin ba ya da ma'ana sai ta bakin ɗan aiken, ranar da ba ya nan rumbun ya ɓace wa sabar. Muka yi ta biyun ga Docker kawai, saboda fakitocinsa manya ne kuma sabobi da yawa ke amfani da shi. Sauran ƙanana muka bar su su wuce.

Sabobin Rocky guda biyu ba mu wahalar da kanmu a kansu ba. Shi dnf, takwaran apt a Rocky, ba ya ajiye fakiti bayan girkawa sai an kunna keepcache, kuma yana zaɓar madubi daga jerin da ake ba shi, yau nan gobe can, yawanci a rufe. Ana iya ɗaure shi a madubi ɗaya, ko a gina rumbun gida da reposync da createrepo_c. Don inji biyu, aikin ya fi ribar. Muka tsayar musu da lokacin sabuntawa cikin dare, shi ke nan.

Makonnin da komai ya yi tsit

Wannan shi ne ɓangaren da ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi.

Ɗan aiken yana zaune ne a cikin wani ƙaramin inji na cikin inji. Wata ranar Asabar aka kashe uwar injin don ƙara mata ƙwaƙwalwa, aka kunna, duk 'ya'yanta suka tashi ban da shi, domin ni da na ƙirƙire shi ban saita shi ya tashi da kansa ba. Babu wanda ya lura. Ba ma'aikacin da ke amfani da shi, ba shafin da ya faɗi, layin intanet ma sai ƙara sauƙi ya yi.

Allon sa idonmu kuwa kore shar. Abin da yake dubawa a kowace sabar shi ne adadin sabuntawar da ke jira, kuma adadin sifili ne. Ni har daɗi nake ji. Sai da aka kusa mako uku, matashin nan na dpkg ya zo ya ce, "Yallaɓai, kwamfutata ta karɓi gyaran OpenSSL tun makon jiya, amma ban ga sabobi sun motsa ba. Ko mun riga mun yi ne?"

Ba mu yi ba. Da na buga apt-get update da hannu sai ga shi ɓaro-ɓaro: ya kasa kaiwa ga furoksi, ya ce wasu jerin ba su sauka ba, ya yi watsi da su ko ya yi amfani da tsofaffi. A matsayin gargaɗi ya faɗe shi, ba kuskure ba, ya kuma fita da lambar da ke nufin an yi nasara. Haka aka tsara shi: yankewar hanya abu ne mai wucewa, bai kamata ya rushe aiki ba. To amma sabar da ke riƙe da jerin mako uku da suka wuce, ta kuma riga ta girka duk abin da ke cikinsa, idan ka tambaye ta saura nawa, da gaskiyarta za ta ce babu. Sifilin da muke gani ba na lafiya ba ne, na makanta ne.

A da, kowace sabar da ƙafarta take zuwa rumbu, idan ɗaya ta samu matsala ita kaɗai ce. Yanzu mun tara 12 a bayan ƙofa guda. Garin ceton layi mun ƙirƙiro wuri ɗaya da mutuwarsa ke hana kowa gyaran tsaro, kuma mutuwa ce marar ƙara. Wannan ya sa na sake kallon maganar da na yi ta nanatawa cewa ɗan aike ba ya iya cutar da kowa tunda akwai sa hannu. Ba ya iya canja fakiti, gaskiya ne. Amma yana iya hanawa. Ɗan aiken da ya lalace, ko wanda mugu ya ƙwace, zai iya ci gaba da miƙa tsohon jeri mai sa hannu na ƙwarai, sabobi su zauna da ramukan da duniya ta riga ta sani. Don toshe wannan ne rumbun tsaro na Debian ke sa layin Valid-Until a cikin InRelease, wa'adin kwana 7, wanda bayansa apt ke ƙin karɓar jerin. Kuma shi kansa apt manhaja ce, tana iya samun rami. A watan Janairun 2019 Max Justicz ya bayyana wani, mai lamba CVE-2019-3462, inda wanda ke tsakiyar hanya zai iya amfani da yadda apt ke bin umarnin karkatarwa ya sa a girka fakitinsa. An toshe shi tuni. Amma "wanda ke tsakiyar hanya" a gidanmu yanzu yana da suna da adireshi, mu muka naɗa shi. Daga ranar muka daina ɗaukar wannan inji a matsayin ɗan ƙaramin abu na gefe: muka rufe ƙofarsa ga kowa sai sabobinmu, muka cire duk abin da ba aikinsa ba.

Sai gardama ta tashi a kan abin da ya kamata sabar ta yi idan ɗan aike ba ya nan. Akwai saitin Acquire::http::Proxy-Auto-Detect, inda ake ba apt wani ɗan rubutun umarni ya tambaya kafin ya fita: idan furoksi na amsawa ya ba da adireshinsa, idan ba ya amsawa ya ce DIRECT, sabar ta tafi da ƙafarta. Shugabanmu bai so ba. Hujjarsa ita ce idan sabobi suna iya zagayewa a ɓoye, ɗan aike zai iya mutuwa wata shida ba a sani ba, mu koma gidan jiya. Hujja ce mai ƙarfi, domin wata shirun ce za a musanya da wata. Ni kuma na ce shirun biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗaya tana jawo taron bidiyo ya yi tsalle, ɗaya tana barin ƙofa a buɗe. Idan dole sai an yi asara a ɓoye, gara ta layi. A ƙarshe muka ɗauki zagayewar, da sharaɗin a sa wa ɗan aiken kansa ido, ƙararrawa ta buga idan ƙofa ta 3142 ta yi shiru. Muka kuma ƙara --error-on=any a umarnin update na rubutunmu, wanda ke sa ko gazawa mai wucewa ta fito a matsayin gazawa.

Abin da shugaba ya zata ya saya

Akwai wata fahimta da ta daɗe a kan shugabanmu ba mu sani ba, sai da ta fito a wani zama. A ganinsa, tunda kowa daga ma'ajiya ɗaya yake ɗiba, to abin da aka gwada a sabar gwaji ranar Litinin shi ne zai hau sabobin aiki ranar Alhamis. Ba haka ba ne ko kaɗan. Ɗan aike ba ya tsayar da lokaci. Ranar Alhamis sabobin aiki za su karɓi jerin Alhamis, idan an fitar da sabuwar siga ranar Laraba ita za su hau, wadda ba wanda ya gwada.

Abin da ya tono maganar shi ne sabobi biyu tagwaye, da aka sabunta a sa'a ɗaya ta ɗan aike ɗaya, ɗaya ta karɓi wani fakiti ɗayar ta ce an riƙe shi. Mun ɗauka ma'ajiyar ce ta rikice, har mun fara shirin share ta. Ashe tsarin Ubuntu ne na fitar da sabuntawa kashi-kashi. Sabuntawar da ba ta tsaro ba ana fara ba da ita ga wani kaso na injuna, a ƙara kason a hankali, don idan akwai matsala a tsayar kafin ta game kowa. Kowane inji yana gane ko layi ya zo kansa ta lissafin da ya haɗa da lambarsa ta machine-id. Tagwayen namu lambobinsu daban, don haka rabonsu daban. Muka ba duk sabobin Ubuntu lamba ɗaya a saitin APT::Machine-ID, wanda apt kaɗai ke dubawa, domin su riƙa shiga kaso tare ko su jira tare.

Wannan ya daidaita tagwaye, bai biya bukatar shugaba ba. Mai son abin da ya gwada shi ne zai hau, sai ya daskarar da jerin kansa: ya ɗauki hoton rumbu na rana kaza da manhaja irin aptly, ya sa masa hannu da makullin gida, ya nuna wa sabobin gwaji, bayan kwanaki ya nuna wa na aiki. Aiki ne na daban, da nauyi na daban. Makullin sa hannu ya dawo wuyanka, kuma duk ranar da ka yi jinkirin ɗaukar sabon hoto, kai ne ka zama ɗan aiken da ke hana gyaran tsaro. Mu uku ne a sashen. Na faɗa masa a fili cewa ban ga muna da hannun da za mu riƙe wannan ba tare da wata rana mun sake yin irin barcin mako ukun nan ba, wannan karon da sa hannunmu a kai. Ya ce a bar shi a rubuce, a sake dubawa idan sabobi sun ƙaru ko an ƙara mana mutum. Har yanzu a rubuce yake.

Abu na ƙarshe da muka canja shi ne tambayar da allon sa ido ke yi. Yana nan yana ƙirga sabuntawar da ke jira, amma yanzu yana buɗe fayil ɗin InRelease na rumbun tsaro a kowace sabar, ya karanta layin Date, ranar da masu rumbu suka sa hannu. Idan ta haura mako guda, sabar ta koma ja ko da adadinta sifili ne. Matashin ne ya rubuta wannan gwajin. Wata biyu bayan haka ya kama sabar ta farko: wata tsohuwa da muka maido daga ajiya, wadda har lokacin take nufar adireshin da ɗan aike ya tashi daga kai.